Jirgin Ɗahiru Mai Agogo a Rafin Mawashi

Shekara goma sha tara rumfata ta ɗinki tana jingine da ta Ɗahiru Mai Agogo a kasuwar Kankia, zana ɗaya ce tsakaninmu. Mutumin Dudunni ne, ɗan gidan maƙera. Shan-inna ta taɓa masa ƙafar hagu tun yana goye, don haka da 'yan'uwansa suka kama guduma, shi sai aka bar masa ƙananan abubuwa, irin su makulli da bakin fitila. Shekarar da aka samu mulkin kai ya shigo Kankia bisa jaki, ya zauna wajen wani mutumin Kudu mai gyaran agogo da rediyo. Da rikicin sittin da shida ya tashi, maigidan nasa ya tafi garinsu bai dawo ba. Ɗahiru ya ci gaba da buɗe rumfar da kayan aikin da aka bar masa.

Matarsa ɗaya, Maimunatu, 'yar Mawashi, mai daddawa. 'Ya'ya uku suka haifa, ukun duk suka binne su tun ba a yaye su ba. Daga shi sai ita a gidan. In ta tafi ganin danginta, Ɗahiru ba ya cin abincin kowa, sai dai ya jiƙa ƙanzo.

Da kuɗin mai suka shigo ƙasa, aiki ya yi masa yawa. Duk alhajin da ya dawo yana ɗauke da agogo da rediyo. A cikin saba'in da bakwai wani ɗan kwangila, Alhaji Lawal, ya aiko masa da wani abu da ba mu taɓa gani ba: jirgin ruwa na wasa, tsawonsa bai fi kamu biyu ba, yana aiki da batir, ana tuƙa shi daga nesa da wani ɗan akwati mai eriya. Kwana biyu 'ya'yansa suka yi da shi a kududdufi ya tsaya. Ɗahiru ya buɗe shi ya tarar injin lafiya lau. Sandar ƙarfen da ke ɗauko juyi daga injin zuwa farfela ce ta lanƙwashe, don siririya ce kamar tsinken tsintsiya. Ya miƙe ta ya mayar. Alhaji ya ce ya riƙe abin, yaran sun riga sun manta da shi.

Ranar Juma'a da la'asar yakan kai shi tafki ya sake shi, mutane na kallo suna dariya. Da ciyawa ta naɗe farfelar sai sandar ta sake lanƙwashewa. Kullum yana cewa zai sake mata ƙarfe mai ƙwari, kullum aikin mutane na hana shi.

Damina ta saba'in da takwas, cikin watan Agusta, aka kwana ana ruwa aka tashi da shi, sai hantsi ya ɗauke. Maimunatu tana Mawashi wajen gaisuwar mutuwa, ranar ce za ta dawo. Wajen azahar Rufa'i malamin gona ya tsaya da babur a gaban rumfunanmu, laka har gwiwa.

"Malam Ɗahiru, taso. Ruwa ya ishe iyalinka a tsakiyar rafi."

"Mi ka ce?"

"Tana raye. Suna bisa tudu, ita da wata Bafillatana. Amma ruwan ƙaruwa yake."

Ɗahiru ya miƙe, ya zauna, ya sake miƙewa. Rufa'i ya ce an jefa dutse da igiya bai kai ba, an harba kibiya da zare, zaren ya jiƙe ya jawo ta ƙasa. Nan Ɗahiru ya juya ya ɗauko jirgin da akwatin kayan aikinsa, ya ce mini, "Ummaru, ba ni zaren nan naka na ɗinkin tamfol, duka." Mu uku muka hau babur ɗin.

Rafin nan da rani yashi ne zalla, jakuna ke bi. Ranar mun same shi ja wur, ya yi faɗin da ban taɓa gani ba, yana tafe da karan dawa da matattun kaji. A tsakiya akwai ɗan tudu mai bishiyar marke ɗaya. Maimunatu na rungume da bishiyar, kusa da ita Bafillatanar, Hawwa mai tallan nono, da jaririya a baya. Suna cikin ƙetarawa ruwan ya zo musu daga sama, suka gudu tudun. Daga gaɓarmu zuwa wurinsu zai yi taku sittin, ɗaya gaɓar kuwa ta fi nisa. Mijin Hawwa, Bubayero, ya riga ya faɗa ruwan sau biyu. Karo na biyu can ƙasa aka tsamo shi, goshinsa a fashe, maza huɗu na riƙe da shi kada ya koma.

Ɗahiru ya ɗaura bakin zaren a bayan jirgin, ya sa aka kai shi sama da tudun sosai don ruwan ya taimaka masa ya gangaro. Wani dattijo ya ce, "Wasa za a yi mana, mutane na mutuwa?" Ni ke sakin zaren. Jirgin ya shiga da ƙarfinsa, ya yi taku ashirin, ya yi talatin. Sai ƙarar ta canja, ya fara karkarwa, ya juya gefe. Na jawo shi da zaren. Sandar ta murɗe kamar igiya, ta karye daga wuyan farfela.

Lokacin ruwa ya rufe idon sawun matan. Muna jin kukan jaririyar sama-sama.

Ɗahiru ya zauna cikin laka ya buɗe akwati. Hannunsa na rawa har sukudireba ta faɗi sau biyu. Ya dubi babur ɗin Rufa'i ya ce, "Cire mini sifoki ɗaya cikin wayoyin nan na ƙafar gaba." Rufa'i ya durƙusa ya kwance. Ƙarfen ya ninka tsohuwar sandar kauri sau uku, sai ga wata matsala: bututun da sandar ke juyawa a ciki ya yi masa kaɗan. Ɗahiru ya ɗaga kai ya dubi taron. Wani mai suna Dawuda na rataye da sabuwar rediyo.

"Dawuda, don Allah eriyarka."

"Malam, jiya na saye ta."

"Ni zan sa maka wata. Matata ce can."

Dawuda ya ɓalle ta da hannunsa ya miƙa. Ɗahiru ya zaɓi gaɓar eriyar da sifokin ke shiga daidai ba ya girgiɗi, ya yanke ta da zarto. Ya fizge tsohon bututun, ya faɗaɗa ramin da wuƙa, ya cusa sabon. Aka hura wuta da busasshen bunu daga rufin wata bukka, ya narka silifan ƙafata ya liƙe gefen ramin don kada ruwa ya shiga. Ramin farfela ma sai da ya buɗa shi da tsinin allura mai zafi, ya ɗaure ta da ɗan notin da ke kan sifokin. Wajen haɗa sandar da injin ya yanko tiyon man babur, ya zura kowane kai a ciki, ya naɗe da waya. Babu girisi. Wata tsohuwa cikin Fulanin ta buɗe ƙwarya ta ɗebo man shanu, ya cika bututun da shi.

Duk wannan ya ci kusan awa ɗaya. Bai ɗaga kai ya dubi rafin ba ko sau ɗaya. Ni na duba. Ruwan ya kai musu gwiwa, Hawwa ta kwance jaririyar ta ɗora ta a kafaɗa.

Ya murɗa maɓallin ɗan akwatin tuƙin, farfela ta juya, amma a hankali, don sabuwar sandar ta fi nauyi, baturan kuma sun yi sanyi. Dawuda da kansa ya zazzage na rediyonsa, wasu biyu suka kawo na tocila. Ɗahiru ya yi bisimilla, aka sake kai jirgin sama.

Wannan karon ya yi gaba yana yankar ruwan a karkace. Karan dawa ya doke shi, ya nutsa, ya ɓullo. Ɗahiru ya ja jiki har cikin ruwa zuwa ƙugu, Rufa'i na riƙe da rigarsa ta baya. Jirgin ya zo dab da tudun, ruwa na neman wucewa da shi. Maimunatu ta saki bishiyar da hannu ɗaya ta miƙa mayafinta, zaren ya sarƙe a jiki. Ta kama.

Muka ɗaura siririyar igiya a bakin zaren, matan suka ja, sannan muka ɗaura igiyar rijiya mai kauri a bakin siririyar. Suka naɗa ta a marken. Bubayero ya bi igiyar hannu da hannu har tudun, da wata igiyar ɗaure a ƙugunsa. Muna hango Maimunatu tana tura Hawwa gaba. Ya fito da matarsa da 'yarsa, ya koma. Suna tsakiyar hanya da Maimunatu sai marken ya kwanta, igiyar ta saki. Mutum fiye da ashirin muka ja ta ƙugun Bubayero. Ya fito yana riƙe da Maimunatu ta gashin kai, hannunta na dama a karye, ba ta numfashi sosai. Matan Fulanin suka kifa ta suna danna bayanta har ta amayar da ruwa.

Ɗahiru ya rarrafo ya zauna kusa da kanta. Da ta buɗe ido ta ce, "Malam, ka ci abinci?" Sai ya fashe da kuka a gaban jama'a. Jirgin kuwa ruwa ya tafi da shi tare da bishiyar.

Maimunatu ta yi wata biyu a kwance da ciwon ƙirji, hannun kuma bai koma daidai ba, daddawa sai dai ta sa a daka mata. Shi ma Ɗahiru, rawar hannun da ta kama shi a bakin rafin ba ta sake shi duka ba. Ya daina karɓar agogon hannu, ya tsaya kan rediyo da tocila. In baƙo ya tambaye shi labarin ranar, sai ya ce a tambayi tela.

Bayan shekara uku aka gina gada a mashigin. Ɗahiru ya rasu cikin azumin tamanin da biyar, bayan jinyar kwana shida. Maimunatu ta koma Mawashi wajen ƙanenta, ta yi shekara tara a bayansa.