Mai Bin Layi a Rumfar Nama

A kasuwar Katutura, can kudancin Afirka, wajen masu gashin nama, ga wani bawan Allah tsaye yana bin layi. To, wane layi? Nan kowa kutsawa yake, ya ɗauki yanka ya dangwali yaji ya ɗanɗana. Shi kuwa ya kafe a bayan wata mata, takalmi fes, furfura ta fara cin gemu, sai duba agogo yake yana tsaki, mutane na ta wucewa ta gabansa.

Da gani ɗan ƙasa ne. Wataƙila yana cikin yaran da aka kwasa zuwa Jamus lokacin yaƙin neman 'yancin ƙasar. Can, ɗan Afirka ake ce masa.

"Kai, Jaman!" in ji Nangolo mai gashin nama. "Katin gayyata kake jira? Matso mana, kada naman ya ƙare kana fareti!"

Ran bawan Allahn nan ya ɓaci. Ya kutsa, ya tattaro yaren mahaifiyarsa, ya nemi nama mai kitse, kalma bayan kalma, har da gumi.

Nangolo ya saurara har ƙarshe, ya gyaɗa kai, sannan ya amsa masa da Turanci, kamar yadda yake yi wa baƙi.