Ƙwan Zabin da Muka Sha Ɗanye

Maƙwabcinmu a Nassarawa ya sayo zabi biyu, kuma tun da suka fara kuka a bayan katanga na kasa zama wuri ɗaya. In na ɗauki tsintsiya sai in ajiye, in na zauna sai in miƙe. Maigidana ya ce ko ciwon kai ne. Ba ciwon kai ba ne, wata damina ce ta garinmu Ambursa take dawo mini, lokacin ina shekara tara, ƙanena yana huɗu.

A gidanmu yaro ba ya cin ƙwai. Kakarmu, mahaifiyar Baba, ita ta kafa dokar, ita kuma ke da zabin. Ta ce yaron da ya saba da ƙwai ɓarawo yake zama. In ciyawa ta yi tsawo zabin kan sulale bayan gari su yi ƙwai, ita kuma ta bi su da ludayi mai dogon hannu, don a cewarta in zabuwa ta ji warin hannun mutum ba ta komawa sheƙar. In an yi baƙo a dafa masa, mu namu sharar ɓawo.

Ni kuwa Allah ya yi ni da kwaɗayi da rashin zama. Wata rana na je yankar wa akuya ciyawa, na ci karo da sheƙar da Kaka ba ta sani ba. Ƙwai ne cike, wasu duk taɓo da kashin zabi a jikinsu. To, ina zan dafa? Murhu yana tsakar gida, idon Inna a kansa, hayaƙi kuma ba ya ɓuya a bayan gari. Sai na samo ƙusa, na huda ɗaya, na kurɓe. Ƙarni ya cika mini baki, amma daɗin karya doka ya fi shi. Kashegari na ja ƙanena, don duk inda na sa ƙafa yana biye, kuma ba abin da zai toshe masa baki sai ya zama abokin laifi. Na goge ƙwan da bakin zanena, na huda, na kafa masa a baki. Ya sha biyu har yana lasar ɓawon. Na sa ya rantse ba zai faɗa ba.

Ni cikina ya murɗa yini guda, na yi ta zaryar bayan gida a ɓoye, ya wuce. Nasa bai wuce ba. Zazzaɓi ya rufe shi, ga amai, ga gudawa har da jini-jini. Baba yana fadamar Zauro wurin dashen shinkafa, can suke kwana. Inna na fama da goyo. Kaka ta ce sabon ruwa ne, kowace damina yara na yi, ta jiƙa masa ganyen gwaiba. Yana sha yana dawowa da shi.

Ba zan manta lokacin da Inna ta durƙusa kan tabarmarsa ba.

"Hwaɗa min, mi kac ci?"

Ya girgiza kai, ya juyo da idanunsa da suka zurma ya dube ni. Yaro ɗan shekara huɗu yana riƙe mini alkawari, ni kuwa na tashi na fice. Na je rijiya ba da guga ba, na dawo. Na je zaure, na dawo. Tuwo ya ƙi shiga. Na san abin da ke cikinsa, na kuma san sunan da za a kira ni da shi in na buɗe baki, kuma kada ka raina wannan tsoron, a garinmu irin wannan suna har ɗakin aure yake bin mutum.

Rana ta uku da hantsi ya daina hawaye, sai dai ya buɗe baki kukan ba ƙarfi. Na bi Kaka bayan ɗaki inda take tsinkar wani ganyen.

"Kaka, ƙwai yas sha. Na zabbi. Ni nab ba shi."

"Dahwahhe?"

"Ɗanye."

Na runtse ido ina jiran mari. Sai na ji ta ce, "Ɗauko min mayahina." Tsohuwar da ta sha cewa ba mai ɗora ta kan mashin sai gawarta, ita ce ta goya ƙanena ta hau bayan ɗan kabu-kabu zuwa Birnin Kebbi. Kwanansu biyar a asibiti ana yi masa ƙarin ruwa. Likita ya ce da an ƙara yini, da sai dai haƙuri.

Ranar da suka dawo Baba ya tara mu a tsakar gida, dorina a hannunsa. Ya ce an gaya masa ɗanyen ƙwai ne, yana son ya san wa ya ba yaron. Kaka ko ɗago kai ba ta yi ba daga gurzar goronta, ta ce:

"Ni nab ba shi. Na ga ya rame, nic ce ya ƙara mai jini."

Baba ya sauke hannunsa. Ya rataye dorinar ya fita, kuma mako guda daga bakin ƙofa yake gaishe ta. Ita kuwa tun daga wannan daminar duk Juma'a sai ta dafa ƙwai har ya yi tauri, ta ba kowannenmu ɗaya, ta ce mu ci gaban idonta. Ba ta taɓa tayar mini da maganar ba.

Sai da na girma ina zuwa awo na ji wata nas ta faɗi sunan abin: salmonela, ƙwayar cuta da ke zama a hanjin kaji da zabi, ta bi kashinsu ta hau ɓawon ƙwai, wani lokaci har cikinsa, kuma wuta ce ke kashe ta. Yanzu yarana suna cin ƙwai da burodi kullum, ba mai zancen sata, sai dai su yi mini tsiya wai ina soya shi har ya ƙone. Ƙanena ya zama gandamemen manomin albasa, ya ce bai tuna komai ba.

Kaka ta rasu da daɗewa. Baba yana nan, kuma duk Sallah in jikoki sun taru sai ya ba da labarin, ya ce Allah ya jiƙan tsohuwa, ta kusa kashe masa ɗa don ƙauna. A yi dariya, ni ina zuba fura. Sau nawa na shirya in matsa kusa in raɗa masa gaskiya, na yi ta ɗagawa zuwa baɗi. Yanzu kunnensa ya yi nauyi, raɗa ba ta shiga. Ranar da zan wanke Kaka daga wannan laifin, sai na ɗaga murya gidan duka ya ji.