Zakaran Alhaji Tanimu

Na sha wahala a shekarar korona, ba kuma cutar ce ta wahalar da ni ba, zakara ne. Shekarata hamsin da biyu, ina ɗaurin kayan kago a kasuwar Chow Kit, nan ƙasar waje, tun bayana yana miƙe, amma ban taɓa ɗaukar kaya mai nauyin zakaran Alhaji Tanimu ba. Kilo uku ne kacal, an auna shi a gabana.

Ku da kuka zauna a unguwar Cheras kun san Alhaji Tanimu mai kago, wanda yake tura wa ɗalibai kayansu gida in sun gama karatu. Ni yaron shagonsa ne shekara goma sha huɗu, duk da furfurar da ke gemuna. Bene ɗaya muke, shi a hawa na tara, ni a na bakwai. Kun kuma san maganarsa guda ɗaya tak a duniya: “Da sauransa.”

Alhaji ba ya yar da komai. Ganyen shayi mai zaren nan, in ya tsoma sau ɗaya sai ya shanya shi a igiyar baranda kamar wanki. Gobe ya sauke ya sake tsomawa. Wata rana ya ba ni shayi, na leƙa kofin, na hango gindinsa tar.

Na ce, “Alhaji, wannan ai ruwan zafi ne.”

Ya ce, “Kai Sabo, ƙaton banza, bakinka ne ya mutu. Da sauransa!”

Na ce, “Sauran me?”

Ya ce, “Sauran niyya.”

Da korona ta zo aka ce kowa ya sa takunkumi, guda ɗaya ya saya. Ya wanke, ya goge, har igiyar kunne ɗaya ta tsinke. Me kuke zaton ya ɗaura a madadinta? Zaren ganyen shayi! Har da ’yar takardar tana lilo a bayan kunnensa. Wani ɗan sanda ya tsayar da mu a bakin kasuwa, ya dubi fuskar Alhaji, ya ce, “Ankul, wannan abin ya gama aiki.” Alhaji ya ja takunkumin ya sake shi ya koma, ya haɗa yarensu da namu ya ce, “Boleh lah, zai yi! Da sauransa.” Ɗan sandan bai ji Hausa ba, amma ya zaro sabo daga aljihunsa ya miƙa masa. Alhaji ya yi godiya, ya ninke sabon, ya sa a aljihu, ya ce na ranar Juma’a ne.

To, zakaran. Wani azumi ne Alhaji ya sayo ɗan tsurut ɗin zakara wajen mai kawo kajin ƙauye a bayan kasuwa. Ya ce manya sun yi tsada, shi zai kiwata abinsa kafin Sallah. Ya sa masa suna Ɗan’azumi. Ranar jajibiri na wasa wuƙa na hau sama. Alhaji ya ɗauki zakaran, ya laluba ƙirjinsa kamar likita, ya ce, “Bai kai ba. Da sauransa.” Babbar Sallah ma haka. Shekara ta zagayo, haka. Sallah takwas ina wasa wuƙa ina mayar da ita kube. Zakara ya zama ƙato, yana cin shinkafar da Alhaji yake yo tapau, wato ƙunshi, daga wajen mamak, masu sayar da abinci, yana kwana a cikin kwalin talabijin. Ni kuwa ya tsane ni, domin ya san ni da wuƙa. In na shiga sai ya bi agarata da sara.

Masu kula da benen sun aiko wa Alhaji takarda cewa ba a yarda da kiwon dabba ba. Ya sauka ofishinsu da zakaran a hammata, ni ina yi masa tafinta da guntun Turancina.

Ya ce, “Gaya musu wannan ba kiwo ba ne, nama ne. Akwai dokar da ta hana mutum ajiye nama a gidansa?”

Manajan ya ce babu, amma nama ba ya cara da asuba.

Alhaji ya ce, “Gaya masa nawa ɗanye ne sosai.”

Manajan ya kifa kai a tebur yana dariya, maganar ta mutu a nan.

Sai a kullen shekara ta biyu cutar ta kama Alhaji. Motar asibiti ta zo, ya wullo mini makullinsa daga nesa, ya ce in kula da Ɗan’azumi. Kwana tara ya yi. Ba a barin kowa shiga. A kwana na bakwai ya turo mini saƙon murya, yana magana yana tsayawa neman numfashi:

“Sabo. In na tafi, na san ku. Kafin a yi sadakar uku kun yi farfesunsa. Ban yarda ba. Ka kai shi wajen likitan dabbobi, a yi masa allurar nan da Turawa suke yi wa karnukansu, ya yi barci ya bi ni. Kada wuƙa ta taɓa shi. Amana na ba ka, ƙaton banza.”

Maganarsa ta ƙarshe gare ni ke nan. Aka binne shi ba mu taɓa gawarsa ba. Mutum uku aka bari suka tsaya daga nesa, sauranmu muka kalla ta waya.

Na rasa yadda zan yi, sai na kira Malam Nura, ɗalibin nan mai yin digiri na uku da yake ja mana sallah kafin a hana taro. Na kunna masa saƙon.

Ya ce, “Malam Sabo, Allah ya jiƙan Alhaji, amma wannan wasiyya ba a zartar da ita. Dabba mai lafiya, ba ta cutar da kowa, ba ci za a yi ba, a kashe ta a zubar? Ɓarna ce, kuma za a tambaye ka.”

Na ce, “Alhamdu lillahi. To ya zan yi da shi?”

Ya ce, “Ai yanka halal ne. A yanka, a dafa, a raba wa ɗalibai sadaka, ladan ya isa kabarinsa. Ka san yaran nan wata biyu suna fama da taliyar leda.”

Wallahi ta cikin waya na ji Malam ya haɗiyi yawu.

Na ce, “Malam, abin da mamacin ya gudar masa ke nan fa.”

Ya ce, “Tsohon zakara ne, zai so albasa da yawa. Ina da ita.”

Kun ga inda aka ajiye ni. In na bi Malam, na ci amanar mutumin da ya riƙe ni shekara goma sha huɗu. In na bi Alhaji, na kashe rai a banza. Shi kuwa wanda ake shari’ar a kansa yana baranda yana tonon tukunyar fulawa, ba wanda ya tambaye shi. Ni ba karatu na yi mai zurfi ba. Abin da na sani shi ne in an ba ka kaya an rubuta inda za su, can kake kai su. Na cusa Ɗan’azumi a kwali, na huda ramuka, na naɗe da salatif kamar mai tafiya Kano, na kira tasi.

A shingen ’yan sanda suka tambayi inda za ni. Na ce asibiti. Suka ce wa ne ne ba lafiya? Kafin in buɗe baki mara lafiyar ya ƙwala cara daga cikin kwali, har direban ya zabura. Suka ce mu wuce, mu wuce.

Likitar wata ’yar Indiya ce mai furfura. Ta ɗora shi a sikeli, ta buɗe fukafukansa, ta leƙa bakinsa, ya sare ta a yatsa. Ta ce, “Me yake damunsa?”

Na ce, “Mai shi ne ya mutu.”

Ta ce, “Wannan ba cuta ba ce a jikinsa.”

Na yi mata bayanin wasiyya. Ta zauna, ta ce tun da annobar nan ta fara ake kawo mata irin wannan, karnuka da kyanwoyi, masu su sun tafi, ’yan’uwa ba sa so. Ta ce in dabba tana shan azaba, allurar jinƙai ce, tana yi ba ta jin komai. In kuwa ƙalau take, ba dabbar ake hutarwa ba, mutane ne suke hutar da kansu. Ta ce, “Abokinka ba mutuwar tsuntsun nan yake so ba. Tsoro yake ji ba wanda zai riƙe shi. Akwai mai riƙe shi?”

Na tuna ɗakina ɗaya tal, da manajan bene, da agarata. Na dubi Ɗan’azumi, shi ma ya karkata kai ya dube ni da ido ɗaya, kallon da ya saba yi mini na raini.

Na ce, “Likita, in an bar shi, shekara nawa zai ƙara?”

Ta ce, “Yadda aka kula da shi ɗin nan? Uku, huɗu, ko fiye.”

Ban san sanda bakina ya faɗa ba, da Hausa, a gaban matar da ba ta ji: “Ashe da sauransa.”

Sai ga ni ina kuka, ƙato da ni, takunkumi ya jiƙe sharkaf. Mutumin da bai taɓa yar da ganyen shayi ba sai ya ga bayansa, shi ne zai yar da zakara mai shekara huɗu a gaba? Ciwo ne ya yi magana, da sanin halinmu. Na mayar da Ɗan’azumi kwali. A hanya na ce, “Alhaji, ka yafe mini rabi. Allura dai ban yi ba. Wuƙa kuwa, muddin ina numfashi, ba za ta taɓa shi ba.”

Allah ka jiƙan Alhaji Tanimu. Ya tafi shi kaɗai a ƙasar mutane, ba wanda ya riƙe hannunsa. Allah ka riƙe shi. Yadda bai taɓa ganin abu ya ce ya gama amfani ba, Allah kada ka duba ƙarancin aikinsa, ka duba niyyarsa.

Washegari da asuba Ɗan’azumi ya tashe ni daga barandata, tare da duk mutanen hawa na bakwai. Na yi sallah, na hau ɗakin Alhaji na sauko da kwalin talabijin da ganyen shayin da ya bari a igiya. Na tsoma guda. Ruwan zafi ne, na shanye. Ina cikin watsa wa zakara shinkafa Malam Nura ya kira, ya ce ya ake ciki, ya aiko da albasar?

Na ce ya dakata in duba. Na ɗauki Ɗan’azumi, ya sare ni, na laluba ƙirjinsa a tsanake.

Na ce, “Malam, bai kai ba. Da sauransa.”