Kantar da ke Kafaɗar Yayana

Shekarar da aka ga zinare a bayan garinmu, can wajen Shanono, gonakin gyaɗa suka koma ramuka. Baƙi suka cika gari, har ka tsaya a ƙofar gidanku a tambaye ka wa kake nema. Sata ta yi yawa, aka fara ɗauke mutane, hukuma kuwa sai dai a rediyo. Sai aka kafa 'yan banga, rabinsu ma baƙin ne. Samarin da ko akuya ba ta jin tsawarsu, sai ga su da adduna.

Suna da hanyarsu ta gane ɗan bindiga. Su tuɓe wa baƙo riga, in da kanta a kafaɗarsa, wai igiyar bindiga ce ta ci wurin. Wanda aka samu da ita ana kai shi bayan ramuka, ba ya dawowa.

Ran kasuwa ina tuyar ƙosai a tasha, sai na hango yayana durƙushe a rana, ba riga. Ya daɗe a birni yana ga-ruwa, ranar ya dawo. Sandar da yake rataya garewani ta bar masa kanta baƙa ƙirin. Na bar mai a wuta na ruga.

Na zube gaban shugaban 'yan bangan. "Ranka ya daɗe, yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ruwa yake sayarwa!"

Ya ce, "Kowane ɓarawo da ƙanwarsa."

"To a ba shi sanda da garwa biyu, ku gani."

Aka kawo, cike fal. Yayana ya saɓa, sandar ta zauna daidai kan kantar. Ya yi tafiyar nan ta rangaji ta 'yan ga-ruwa har bakin masallaci, ruwan bai zuba ba. 'Yan banga suka kwashe da dariya, suka jefa masa rigarsa.

Akwai wani dattijo da aka sauke daga mota ɗaya da yayana, durƙushe, shi ma da kanta a kafaɗa. Ya ɗago ya ce, "'Yata, ni ma ki roƙa mini sandar."

Na buɗe baki, shugaban ya juyo ya dube ni. Yayana ya damƙi hannuna ya ja ni.

Da muka waiwaya daga bakin tasha, takalman dattijon kawai ke wurin.