Malam, ko ruwan ɗumi ya isa?

Malam, ranar Talata, tara ga watan Yuli, da hantsi ina tsaka da wanki aka kawo mini labarin rasuwarka. A gida maigida lafiya, manyan yara lafiya, sai auta da sikilarta ta tashi makon jiya, amma ta fara cin abinci. Na saba fara gaya maka wannan, hannuna ya ƙi dainawa.

Ina da shekara arba'in da ɗaya ka koya mini riƙe fensir a ajin baftisma, kan bencin nan mai rawar ƙafa. Kalmar farko da na haɗa da kaina ita ce "asiri". Na rufe littafin, na ce ba a yi mini asiri a gidan ubana ba, ba kuwa za a yi mini a coci ba. Ka yi dariya har ka cire tabarau, ka ce, "Na boka ɓoye shi ake yi don a cuce ki. Na Allah a fili yake, girmansa ne ya fi ƙarfin idonmu."

Tun daga ranar ban bar ka ka huta ba. Zunubin da ruwa ya wanke, ina yake zuwa? Ka raɗa mini Uwar Tambaya, amma ba ka taɓa gajiya da ni ba. Abin da ba ka sani ba, sai ka ce ba ka sani ba.

Tambayata ta ƙarshe tana hannunka. Ranar Lahadi, ashirin da ɗaya ga wata, za a yi wa auta baftisma. Likita ya hana ta ruwan sanyi, ita kuwa ta kafe sai an nutsar da ita kamar sauran, ko da za ta kwanta asibiti. Na tambaye ka ko ruwan da aka ɗumama baftisma ne. Ka ce in ba ka mako guda ka ga fasto.

Da na je gaisuwa, Mama matarka ta ce ranar Litinin ka sa ta wanke babbar tukunyar gidanku, ba ka faɗi dalili ba. Ina jin na san dalilin, amma tsoro nake in yanke da kaina.

Ubangiji ya yi maka jinƙai, ya karɓe ka cikin hutunsa, inda asirin ya zama abin gani. Ya ta'azantar da Mama da 'ya'ya da jikoki.

Mama, ki gafarce ni cikin wannan zafi. Ki duba ƙaramin littafin aljihunsa ko ya rubuta amsar, ki aiko mini kafin Juma'ar sama. In bai rubuta ba, ki ara mini tukunyar.