Aiken da Na Yi wa Mma

A gidanmu na Salaga ƙarami ba ya gyara wa babba. Ko kakata ta zuba gishiri sau biyu a miya, ba ka isa ka buɗe baki ba. Sai dai ka zagaya ka raɗa wa ƙanwarta, ita ta san yadda za ta ɓullo mata. Da wannan tarbiyyar na tashi, da ita na shiga aikin asibiti, kuma ban ce ta banza ba ce. Amma ta taɓa sa ni na yi wa wata baiwar Allah abin da har gobe nake jin kunyarsa.

Aikina na farko a wani ƙaramin asibiti ne a gefen Bawku, ɗakin mata. Na je da takardar ƙaramar nas, ga rawar kai. Can na tarar da wata dattijuwar nas da kowa ke kira Mma, har likita. Iyayenta daga ƙasar Mosi suka zo cinikin shanu suka zauna, ita a zangon Bawku, unguwar Hausawa da sauran baƙi, aka haife ta. Tana jin Hausa, tana jin Kusasanci da Mosanci, kuma a cikin ukun nan babu wanda ba ta iya faɗa da shi ba. Ranar da na fara neman jijiya a hannun wata tsohuwa na soke ta sau uku, Mma ta ɗalle mini yatsu.

"Ke 'yar Salaga, wannan hannun na allura ne ko na tuƙa tuwo? Matsa ki gani."

Ita ta koya mini komai. Yadda ake juya wadda ta daɗe a kwance, yadda ake wanke ciwo daga tsakiya zuwa gefe, yadda ake duban idon mace a san tana ɓoye zafi saboda surukarta na tsaye. Amma abin da ta fi alfahari da shi awon jini ne. Muna da na'ura mai batir, sai dai kullum a mace take, don haka da ta hannu muke aiki: a ɗaura a dantse, a hura, a sa abin sauraro a kunne a jira bugun farko da na ƙarshe. Mma ba ta kuskure. Har a unguwa an san ta da wannan. Bayan la'asar tsofaffi kan taru a ƙofar gidanta, ta shimfiɗa musu tabarma ta auna su ɗaya bayan ɗaya, ta yi wa mai cin gishiri faɗa, ta kora wanda jininsa ya hau zuwa asibiti. Ba ta karɓar komai. Girmanta ke nan a zango, kuma ta san da haka.

Ita ce ta matsa mini na koma makaranta. Ita kam ba ta samu ba, 'ya'yan yayanta marigayi ta tsaya ta rena har lokaci ya wuce. Ta ce in na zauna kamarta ba za ta yafe mini ba. Haka na tattara na tafi Yendi shekara uku, ina kwana da littafi ina tashi da ƙarar babura. A can wata malama ta koya mana abin da shugabar ɗaki za ta yi in ta ga abokiyar aiki na kuskure: ki kira ta gefe, ke da ita, a ranar, ki faɗa mata kai tsaye. Tambayar ta fito a jarrabawa, na amsa ta tsaf. Takarda ai ba ta da ido balle ka ji nauyinta.

Da na gama aka maida ni asibitin nan, ɗakin nan, aka ce ni ce shugaba. Mma tana ƙarƙashina. Wayyo! Ranar farko na rasa inda zan sa kaina. Ita kuwa ko a jikinta, ta rangaɗa guɗa a gaban marasa lafiya, ta laƙaba mini suna Incaji, wato shugabar ɗaki. In na zauna rubuta rabon aiki, sunanta nake fara sawa a awon safe, don shi ta saba yi tun kafin a yaye ni.

Ban yi wata biyu ba na fara lura. In an yi mata magana sai ta juyo da kunnen hagu, idonta a kan bakin mai magana. Lambobin da take rubutawa a folda kuma sun cika kama da juna: tsohuwa da budurwa, mai jego da mai zazzaɓi, duk jininsu lafiya lau. Na gani, na sa hannu a ƙasa. Na sake gani, na sake sa hannu. In na sake awo bayan Mma ta auna, ai na ƙaryata ta ke nan.

Sai ranar da aka kawo wata mata daga Tempane, cikinta wata takwas, ƙafafu sun kumbura, tana riƙe da kai tana cewa idonta na ganin walƙiya. Mma ta auna ta rubuta daidai. Zuciyata ta ƙi kwanciya. Na jira ta fita sallar azahar, na ɗaura na hura da kaina. Innalillahi! Ashe jininta ya hau matuƙa. Na aika a kira likita da gudu, aka sa mata magani, Allah ya taimaka ba ta kai ga jijjiga ba, daga baya ta sauka lafiya. Amma na san saura ƙiris, kuma na san sa hannuna na nan a ƙasan kowace lamba ta makonnin baya.

Daga ranar na shiga bin bayanta a ɓoye, duk wadda ta auna sai na sake, kamar ɓarauniya a ɗakin da nake shugabanta. Kwana huɗu ina shirya maganar a baki. In na tunkare ta, ta ɗago ta ce "Incaji, yaya?" sai in ce babu komai, audugar wanke ciwo nake nema. Ta yaya zan dubi matar da ta riƙe hannuna ta koya mini, in ce kunnenki ya mutu, ajiye? Saura mata shekara biyu ta huta. So nake ta fita da mutuncinta.

Sai na yi abin da aka koya mini a Salaga. Mma na da aminiya tun ta ƙuruciya, wata Hajiya mai sayar da gero da masara a kasuwar Bawku. Na sayi goro, na same ta a rumfa, na durƙusa tsakanin buhuna na zayyana mata komai. Na roƙe ta ta yi wa ƙawarta magana cikin hikima, don Mma ta nemi a canza mata aiki da kanta. Hajiya ta yi salati, ta share hawaye, ta ce in bar mata. Na taso ina jin na yi dabara irin ta manya.

Hajiya ba muguwa ba ce, wallahi. Tausayi ne ya yi mata yawa. Kafin ta je wurin Mma sai ta fara neman magani. Ta tambayi mai albasa daga Binduri ko ya san mai maganin kunne, ta tambayi matar liman, ta tambayi direban da ke shiga Togo. Kasuwar Bawku kuwa kwana uku-uku take ci. Kafin ta sake ci, babu wanda bai sani ba a zango.

Ranar Litinin Mma ta zo aiki ba ta kira ni Incaji ba. Ta gama shimfiɗa gadaje, ta yafuto ni zuwa ɗan ɗakin da muke wanke ciwo, ta rufe ƙofa. Ta ciro abin sauraronta daga aljihu ta ajiye a kan tire.

"Jiya na shimfiɗa tabarma bayan la'asar," in ji ta. "Mutum ɗaya ya zo. Shi ma gaisuwa ya zo yi mini, kamar an yi mini rasuwa."

Na sunkuyar da kai.

"Kin ɗauka ban sani ba? Tun kina Yendi kunnen ya fara. Allurar agogon na'urar nake kallo ina canka. Kullum in na rubuta sai na roƙi Allah ya sa daidai ne. Na kasa faɗa da bakina, 'yar nan, na kasa. Da aka ce ke za a kawo, na yi murna. Na ce ga wadda ta yi karatu, ga tawa, za ta gani ta karɓi awon daga hannuna a ɗakin nan, babu wanda zai ji. Ina ganinki kina bin bayana kina sake awo. Kullum ina cewa yau za ta yi magana."

"Mma, nauyinki na ji."

"Me kika ce?"

A ƙasa idona yake, muryata ma a ƙasa. Ba ta ji ba. Ta matso, ta sa yatsa ta ɗago haɓata, abin da ba wanda ya yi mini tun ina yarinya. Idonta ya yi ja, amma ba faɗa a fuskarta.

"Ba na jin mai sunkuyar da kai. Ki dube ni."

Na dube ta. Na ɗaga murya, a ɗakin da ke da mu biyu kawai, na ce mata daga yau ba za ta ƙara awon jini ba, za ta koma wanke ciwo da koya wa ɗalibai, kuma ranar Alhamis zan raka ta a duba kunnen. Sannan na ce ta yafe mini. Hawaye na zuba, ina ihu kamar mai talla.

Ta gyaɗa kai a hankali.

"To, Sista, na ji. Wannan ɗin ne aikinki." Ta buɗe ƙofa, sai ta tsaya. "Yau da safe mai koko ma da ihu ta gaishe ni. Shekara talatin ina sayen kokonta."