Garmar Barau da Waken Sara

Barau mutumin Sara ne, a ƙasar Gwaram. Kakanninsa makiyaya ne, amma shi da bijimai biyu da garma ya riƙe gidansa. Da ruwa ya sauka sai ka gan shi daga wannan gona zuwa waccan yana yi wa mutane huɗa, kunyoyinsa a miƙe sambal.

Wata damina waken Malam Ikrima, mai makarantar Islamiyya, ya fara yaushi alhali ƙasa a jiƙe take. Ganye ya yi rawaya, ya kwanta. Da aka tuge, sai ga saiwar ta yi baƙi ta ruɓe, tana saɓulewa a hannu. Daga nan sai gonar Inna Turai, sai ta maƙwabcinta. Ba a jima ba aka lura duk gonakin da Barau ya huɗe ne. Babu wanda ya faɗa masa a ido. Gaisuwa dai ta gajarta, in ya doso majalisa hira ta mutu.

Wani malamin gona ya zo daga Birnin Kudu, ya tsuguna ya duba saiwoyin. Ya ce cuta ce dangin funfuna, a cikin ƙasa take zaune, tana iya yin shekaru tana jiran wake. Ruwa na ɗaukarta, iri na ɗaukarta, har lakar da ke manne a bakin garma.

Barau ya ce, "Malam, wato ni na raba musu ita?"

"Ban ce haka ba, Baba. Babu mai iya rantsewa. A riƙa wanke garma dai, gonakin nan kuma a sa musu gero ko dawa su huta."

Hankalin mutane ya kwanta. Malam Ikrima da kansa ya taka har gida ya ce, "Barau, ƙaddara ce. Baɗi ma kai za ka yi mini huɗa."

Hankalin Barau ne bai kwanta ba. Ya yi ta tuna wata gona a bakin fadama inda ya taɓa ganin matattun wake a tsaye, ya kora shanu ya bi ta kansu. Damina ta zagayo, ya wanke garma har ƙarfen ya yi fari, amma da ya kai bakin gonar Malam Ikrima sai ya tsaya, ya kasa kafa ta. Ya juya da shanunsa. A ƙarshe ya mayar da su garken ƙaninsa, ya koma tufkar igiya yana kaiwa kasuwar Gwaram.

Yanzu ya tsufa. 'Yarsa Nasiha takan shuka wake a bayan gida, kuma yana yi mata kyau. Bai taɓa sa ƙafa a ciki ba. Kowace safiya yakan tsaya daga bakin danga ya leƙa, ya jima, sannan ya tambaye ta a hankali, "Nasiha, babu wanda ya kwanta, ko?"